Ra'ayi: Mashayar da ta ƙafe ma tana da haƙƙi a kan hukuma

Duk wanda ya taɓa zama a Alƙahira, ko ɗalibi ne a Azhar ko ɗan kasuwa mai sarin kaya, ya san titin Al-Mu'izz, wanda ya ratsa tsohon birnin daga ƙofar Bab al-Futuh zuwa ƙofar Bab Zuwaila. A kan wannan titi da lungunan da ke kewaye da shi, mutum zai riƙa cin karo da wata irin babbar taga a jikin tsofaffin gine-gine, an rufe ta da ragar tagulla mai ado, a ƙasanta kuma ga ɗan dandamalin dutse da hannayen mutane suka goge har ya yi santsi. Mutanen Masar suna kiran wurin "sabil", wato kalmar nan da muka sani a cikin fi sabilillahi. Mashaya ce ta sadaka. An daɗe rabon da a sha ruwa a cikinsu. Wasu an gyara su, masu yawon buɗe ido suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Wasu kuwa ba abin da ya rage sai tagar, ko allon marmara mai rubutu, manne a bangon da yanzu ya zama shago ko ma'ajiyar kaya.

A kan waɗannan guntaye nake son in yi magana. Ra'ayina shi ne guntun mashayar da ta ƙafe ya cancanci doka ta tsare shi a inda yake, da sunansa da lambarsa, kamar yadda take tsare babban masallaci. Kuma abin da ya faru da mashayun Alƙahira ya shafe mu a nan Nijar fiye da yadda ake zato.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a gane girman abin da ake asara. A ƙarƙashin ginin ana haƙa babbar ma'ajiyar ruwa, a ɗaure ta da dutse. A lokacin da Kogin Nilu ya cika, ƴan ga-ruwan wancan zamani suna ɗebo ruwa a cikin salka, a ɗora wa raƙuma da jakuna, a yi ta jigila har ma'ajiyar ta cika, ruwan da zai kai unguwa har shekara ta zagayo. A ɗakin da ke sama da ita akwai ma'aikaci, aikinsa ke nan: ya jawo ruwa, ya tsabtace wurin, ya cika kofuna ya miƙa ta cikin raga ga duk wanda ya tsaya, ba a tambayar sunansa ko garinsu. A cikin manyan mashayu ana jingina wani allon marmara a bango, an sassaƙa masa tudu da kwari kamar igiyar ruwa, ana kiransa salsabil. Ruwa yana gangarowa a kansa a hankali, iska tana bugunsa, ya yi sanyi kafin ya isa bakin taga. Abin da ido ke ɗauka ado ne kawai, firij ne na mutanen da ba su san lantarki ba. A saman bene kuma sau da yawa akwai makarantar allo ta marayu. Ruwa a ƙasa, karatu a sama, duk a kan waƙafin mutum ɗaya.

Sarkin Musulmin Masar Ƙaitbay ya gina irin wannan a titin Saliba a 1479, kuma tana nan tsaye. Wadda aka fi ɗauka a hoto ita ce ta Abdurrahman Katkhuda, ta 1744, wadda ta tsaya a daidai inda titin Al-Mu'izz ya rabu biyu, a cikinta akwai tayil mai zanen Ka'aba. Mata ma ba a bar su a baya ba. Nafisa al-Baida, wadda aka kawo Masar a matsayin baiwa, ta zama attajira kuma matar Murad Bey, ta gina tata a 1796 kusa da Bab Zuwaila, a jikin masaukin ƴan kasuwa da take karɓar haya daga gare shi. Mahaifiyar Abbas na ɗaya ta gina wata a 1867 don tunawa da ɗanta. Lokacin da Faransawa suka mamaye Masar a 1798, masanan da suka zo tare da Napoleon sun ƙirga irin waɗannan mashayu wajen 300 a cikin birnin. Waɗanda suka rage a yau ba su kai rabin haka ba.

Me ya kashe su? Ba yaƙi ba ne. Famfo ne, sannan takarda. A 1865, zamanin Khedive Isma'il, aka kafa kamfanin ruwa na Alƙahira, bututu ya fara shiga unguwanni, sannu a hankali tsayawa a bakin taga don shan ruwa ya zama abin da. Wannan ci gaba ne, ba mai hankalin da zai yi kukansa. Amma bugu na biyu ya fi zafi. Kowace mashaya tana rayuwa ne da kuɗin waƙafi: hayar shaguna, ko gona, ko gidan wanka da mai ginin ya ware domin albashin ma'aikaci, da kuɗin ɗebo ruwa, da gyaran rufi. Bayan juyin mulkin 1952, gwamnati ta soke waƙafin iyali, ta mai da na sadaka ƙarƙashin ma'aikatar waƙafi. Igiyar da ta ɗaure wannan shago da waccan mashaya ta tsinke. Ginin ya zama na kowa, wato ya zama ba na kowa ba. Rufi ya fara yoyo ba mai hawa, bango ya tsage, kuma mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai shago ya faɗaɗa, maƙwabci ya zuba shara, ɓarawo ya lura cewa tagulla tana da kuɗi a wurin masu awon ƙarfe.

Abin da ya ceci waɗanda suka tsira, a gaskiya, rubutu ne. A ƙarshen 1881 Khedive Taufiƙ ya kafa wani kwamiti na kula da gine-ginen tarihin Musulunci. Aikin da ya fi kowane amfani da kwamitin ya yi shi ne bin birnin lungu-lungu yana rubutawa, yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana ba kowane gini lamba. Har yau za ka ga ɗan allo mai lamba a jikin bangon waɗannan gine-gine. Daga baya UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1979, aka kuma yi dokar kare kayan tarihi mai lamba 117 a 1983, sannan doka mai lamba 144 a 2006 domin gine-ginen da ba su shiga waccan ba amma suna da fasali na musamman.

To, a nan gizo ke saƙa. Daga 2020 zuwa yanzu, katafila ta rushe ɗimbin kaburbura da kubbobi a tsofaffin maƙabartun Alƙahira domin a shimfiɗa manyan tituna da gadoji. Duk lokacin da jama'a suka yi ca, amsar hukuma kusan ɗaya ce: abin da aka rushe ba ya cikin rajistar kayan tarihi. A watan Oktoba na 2024, hotunan rushe wata kubba ta iyalan gidan Muhammad Ali a maƙabartar Imam Shafi'i sun karaɗe Facebook, sai da ministan al'adu ya fito ya ce an dakatar da aikin. Amma kubbar ta riga ta tafi. Mai karatu ya lura da darasin: tsufa ba ya kare gini, kyau ba ya kare shi, ko sunan UNESCO a kan birni ba ya hana katafila. Lambar rajista ce kaɗai take ba lauya abin riƙewa a kotu, take ba ɗan jarida abin tambaya. Kuma ƙananan abubuwa, irin taga ɗaya ko allon dutse ɗaya a bangon gidan wani, su ne suka fi saurin zamewa ta cikin ragar doka, domin mai rubutu yana neman hasumiya ne, ba ya duba ƙasa.

Akwai masu cewa, to a ciro abin mana a kai gidan tarihi, a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Bayan 2011 an sha satar sassan mumbari da fitilu da ƙofofi a masallatan tarihi na Alƙahira, har hukuma ta ɗauki matakin kwashe wasu ta adana. Gidan tarihin fasahar Musulunci na birnin ma yana da allunan salsabil masu ban sha'awa a ajiye. Sai dai ni ban yarda wannan ya zama mataki na farko ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masu gyaran gine-ginen tarihi suke dogara da ita a duniya, ta ce ba a raba ado da ginin da yake jikinsa sai in babu wata hanyar tsirar da shi. Dalilin a fili yake. Allon marmara a cikin gilashi dutse ne mai kyau, shi ke nan. Amma a bangonsa, a kan mahaɗar hanya, yana gaya maka inda ayari ke wucewa, da inda talaka ke jin ƙishirwa, da wanda ya damu da shi. Ga kuma wani abu: gidan tarihi sai da tikiti, bango kuwa na mai tura baro ne da na minista baki ɗaya. Abin da aka gina fi sabilillahi, bai dace a mai da ganinsa sai da kuɗi ba.

Wanda yake shakkar abin da ke ɓoye a bayan tsohuwar taga, ya ji labarin mashayar Muhammad Ali Pasha da ke unguwar Aƙƙadin. An gina ta a 1820 domin ɗansa Tusun wanda annoba ta kashe a 1816. Ta lalace ƙwarai, girgizar ƙasar Oktoba 1992 ta ƙara mata rauni, har ta kusa faɗuwa. Da wata cibiyar bincike ta Amurka da ke Masar ta ɗauki nauyin gyaranta, ƙarƙashin jagorancin maginiya Agnieszka Dobrowolska, sai ma'aikata suka buɗe bakin ma'ajiyar ruwan da an manta da ita. Suka tarar da ɗaki mai zurfin kusan mita 9 a ƙarƙashin ginin, da ginshiƙai da bakuna, kuma da ruwa garau a ciki. Dubban mutane suna wucewa ta wurin kullum ba su sani ba. Da an ce a ciro tagogin a kai gidan tarihi a rushe saura, da an binne wannan har abada.

Wani abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, al'adar ba ta mutu ba. Har gobe mutanen Alƙahira suna jera tuluna a bakin titi, ko su sayi injin sanyaya ruwa su ajiye a ƙofar shago, su rubuta sunan mahaifinsu da ya rasu suna neman addu'a. Wani lokaci injin yana tsaye taku kaɗan daga tsohuwar mashayar da ta ƙafe. Mutum zai ce, me ya hana a mai da ruwa cikin ta asali? Ba abu ne mai sauƙi haka ba. Babban abokin gabar gine-ginen tsohuwar Alƙahira a yau shi ne ruwan ƙasa, wanda ke tasowa daga bututun da ke yoyo da magudanai, ya hau cikin dutse da gishirinsa, ya riƙa cin bango daga ciki. Saka famfo a jikin irin wannan bango ba tare da lissafi ba ƙara wa Barno dawaki ne. Shi ya sa aka nemi wasu hanyoyi: mashayar Ƙaitbay ta zama ɗakin karatu, wata ta Muhammad Ali da ke Nahhasin ta yi shekaru tana gidan tarihin tufafi. Ba duka ne suka yi nasara ba, akwai waɗanda aka kashe musu kuɗi aka gyara, aka sa kwaɗo aka rufe, ƙura ta dawo. Ginin da ba a shiga, ko an gyara shi, mutuwa yake komawa yi.

Yanzu bari mu dawo gida, domin in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu gina mashayun marmara ba. Sadakar ruwanmu randa ce da moɗa a ƙofar gida ko a bakin masallaci, in ta fashe a sayo wata. Amma muna da abin da ke cikin hali ɗaya da tagar Alƙahira: ƙaramin ado a jikin ginin da ba na gwamnati ba, wanda amfaninsa na farko ya wuce, kuma ba wanda aka ɗora wa nauyin kula da shi. Ina nufin zayyanar fuskar gidaje a Birni da Zango a Damagaram, da zankwaye, da tsofaffin ƙofofin zaure, da guntayen ganuwar birni, da irin adon cikin ɗaki na tsofaffin gidajen Agadas.

A takarda ba mu da laifi. Muna da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yunin 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa. Tun 2006 aka sa Birni da fadar Sarkin Damagaram a jerin wuraren da Nijar ke fatan UNESCO ta amince da su, Agadas kuwa ta samu shiga a 2013. Amma a farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, a gaban idon jama'a, wayoyi suna ɗauka. Wannan fa masallaci ne da kowa ya san shi, wanda ke cikin littattafan masu yawon buɗe ido. In babba ya faɗi haka, wa zai yi kukan zanen dagi a saman ƙofar wani gida a lungu? Irin waɗannan ba sa faɗuwa da ƙara. Magada ne za su raba gida, ko a sayar, ko a ce za a sabunta, magini ya zo da safe da diga, kafin azahar an gama.

Na san abin da wani matashi zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce a garin da mata da yara ke kwana a layin famfo da jarkoki lokacin bazara, garin da ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke masa babban birni suka kai Yamai a 1926, wa ke da lokacin zanen bango? Amsata ita ce ba daga aljihu ɗaya kuɗin suke fitowa ba. Jawo ruwa zuwa Damagaram aikin biliyoyin sefa ne. Rubuta gidaje masu zayyana kuwa aikin ɗalibai ne da wayar hannu da littafi: hoto, sunan unguwa, wurin da gidan yake, shekarun da masu gida suka sani, sunan maginin in ana tunawa. Jami'ar André Salifou tana nan a garin, da ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. Abin da kwamitin Alƙahira ya yi da alƙalami da ma'auni a ƙarni na 19, mu da muke da kyamara a aljihu ba mu da uzurin kasa yin sa. Jerin kuma ya fito fili, a liƙa shi a ma'aikatar magajin gari da fadar sarki, yadda mai gida zai san matsayin gidansa kafin ya kira magini.

Sai dai kada a maimaita kuskuren da aka yi a wurare da yawa, inda rajista ta zama hukunci a kan mai gida. A Iskandariya, masu tsofaffin gidaje sun sha zuwa kotu suna neman a cire su daga jerin, domin shiga jerin yana nufin ba ka iya rushewa, ba ka iya gina bene, kuma ba mai ba ka ko sisi na gyara. Talakan Birni da aka ce masa kada ya taɓa bangonsa, alhali damina tana cin bangon, zai bar shi ne ya faɗi da kansa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Dole kariya ta zo da wani abu a hannu: sauƙin haraji, ko gudunmawar yaɓe kafin damina, ko magini da hukuma ke biya. Masu waƙafin Alƙahira sun fahimci wannan tun ƙarnuka da suka wuce, shi ya sa ba su taɓa gina mashaya ba tare da ware mata shagon da zai ciyar da ita ba.

Magana ta ƙarshe ga ƴan uwa da ke ƙetare, a Libiya, Aljeriya, Legas, Abijan, Saudiyya ko Turai. Kuɗinku ne ke gina yawancin sababbin ɗakuna a gidajen gado, kuma ba wanda zai ce ku bar iyaye cikin ɗakin da ke yoyo. Amma in za ka turo kuɗin siminti da kwano, tambayi abin da za a rushe. Ka ce a turo maka hoton fuskar gidan tukuna. Ana iya gina na zamani a ciki a bar zaure da fuskarsa. Kuma a yi hattara da shafa siminti a kan bangon ƙasa da sunan kariya: siminti yana kulle laima a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya da zanen. Yaɓen ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, shi ne abin da bangon ya saba da shi, kuma har yanzu akwai magina da suka iya.

Ba a ce sai an je Masar za a ga misali ba. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, a jihar dai, da mutanen gari suka buƙaci sabon masallaci mafi girma, maginiya Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon a gefe, tsohon na ƙasa aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, kuma maginan gargajiya na yankin suna cikin waɗanda suka yi gyaran.